Me ya sa duk inda tsaro ya lalace babur ake fara hanawa?

Dan_Boxer_Daura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ba don neman faɗa na kawo ta ba. Duk inda tsaro ya taɓarɓare a ƙasashen nan namu, abin da hukuma ke fara yi shi ne hana babur. An yi a Maiduguri a 2011. An yi a Kano a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. An yi a Diffa a 2015, an yi a Tillaberi a 2020. Zamfara da Katsina sun taƙaita hawansa a 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. A 2022 har ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya fito ya ce gwamnatin tarayya tana duba yiwuwar hana shi a duk faɗin Najeriya.

Ni da babur na yi aure, da shi nake riƙe da gida. Na yi acaɓa a Kano har aka hana. Na tafi Legas, ina kwana Agege ina aiki Ikeja, can ma doka ta same mu a 2020. Yanzu na dawo gida ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin Daura, Mai'adua da ƙauyukan bakin iyaka, wani lokaci har Matamaye. Abin da idona ke gani a hanyar nan shi ne, inda kwalta ta ƙare, babur ne motar asibiti, shi ne motar makaranta, shi ne akori-kura. Mai naƙuda a kansa ake kai ta. Buhun taki a kansa yake isa gona. Masu allurar rigakafi da akwatinsu na ƙanƙara mu muke kai su rugage. Wanda yake sa hannu a takardar hani bai taɓa jiran mota a ƙauyen da sai ranar kasuwa take shiga ba.

To tambayata: akwai garin da za ku nuna mini ku ce hana babur ne ya kawo masa zaman lafiya?

Malam_Na_Hausawa:
Wa alaikumus salam. Akwai, ƙanena, kuma garin da ka baro ne. Ina zaune kusa da inda aka kai wa Sarki hari. Duk wanda ya yi 2012 a Kano ya san yadda ake yi: mutum biyu a kan mashin, na baya ya ciro bindiga, su yi abin da ya kawo su, su shige lungu. Mota ba ta bin su. Kai mutane sun kai matsayin da in mashin ya rage gudu kusa da majalisarsu sai kowa ya miƙe. Bayan an hana goyo irin wannan kisan ya ja baya sosai. Ba ji na yi ba, a unguwarmu aka yi.

Dan_Boxer_Daura:
Malam, Allah Ya ƙara girma, ban musa abin da ka gani ba, ni ma ina garin. Amma a duba abin da ya biyo baya. An hana acaɓa a Janairu, a watan Maris na shekarar aka tayar da bam a tashar motocin Sabon Gari, kuma da mota aka kai shi. A Nuwamban 2014 aka kai harin Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, ɗaya daga cikin mafi muni da Kano ta taɓa gani, a lokacin acaɓa ya kusa shekara biyu da mutuwa. Masu ɓarnar sun canza abin hawa ne kawai. Abin da ya karya su a cikin birane, a nawa ganin, shi ne dokar ta-ɓaci da aka sa a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, da kuma tashin 'yan kato-da-gora a Maiduguri, lokacin da mutanen unguwa suka fara nuna su da yatsa.

Ummu_Khalifa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta fuskar tsaro zan yi magana ba. Na yi aiki a sashen 'yan haɗari kafin hani da bayansa. A da, da wuya a yi kwanan aiki ba a kawo mai karayar ƙafa ko fashewar kai daga kan acaɓa ba. Yara ƙanana da ba su san hannun hanya ba, an ba su mashin jiya, yau sun ɗauki mace da goyonta. Bayan an koma Adaidaita Sahu raunukan sun canza, sun yi sauƙi. Yaya Dan_Boxer, ina jin zafin da kake ji, amma wannan ma rai ne.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Gaskiya ce Hajiya. Amma maganin wannan ai koyarwa ce da lasisi da hular kwano, ba kora ba.

Ummu_Khalifa:
Hular kwanon da aka kawo dokarta a farkon 2009, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce shinge? Fasinja kuma ya ce ba zai sa hular da wani ya sa ba. Ku ma kuna da naku laifin.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Akwai shi, ba a ɓoye ba. Sai dai dokar ta zo dare ɗaya, kuɗin hula ya tashi a kasuwa, ba wanda ya zauna da shugabannin tasha ya yi musu bayani. Da an bi ta masallatai da rediyo da ƙungiyoyin masu babur na wata shida, da labarin ya bambanta.

Dan_Tsafe_01:
Ku bari mu da abin ya ci mu yi magana. A wajenmu ba tarihi ba ne, yau ne. Ɓarayin daji da babura suke zuwa, mutum uku a kan ɗaya, wani lokaci ayarin ya fi a ƙirga. Don haka da aka sa dokar a watan Satumban 2021 da yawanmu mun yi murna. An hana sayar da mai a jarka, an rufe kasuwannin mako, an katse waya, an hana hawan babur da dare.

Abin da ya faru shi ne, mu masu bin doka muka ajiye namu. Su da ke cikin daji wa zai je ya karanta musu doka? Man da aka hana, sai kuɗinsa ya ninka a ɓoye, kuma su ke da kuɗin saye. Mu kuwa in an shigo gari da dare babu wayar da za ka kira, babu babur ɗin da za ka gudu da iyali. Ƙanwar mahaifiyata a amalanken shanu aka fita da ita neman asibiti. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma don Allah kada wani ya ɗauka ina cewa a zuba ido. Babur ɗin da ke hannunsu ba a daji aka ƙera shi ba. Wani ne ya sayar, wani ne ya kai, wani ne yake gyarawa.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Nan ka zo wurin. Boxer sabo a kwali bai kai naira dubu 200 ba a 2014, yanzu ya haura miliyan. Ɗan acaɓan gaskiya ba ya iya saye, sai dai wani mai hali ya saya ya ba shi yana kawo balas kullum. To wane ne yake zuwa ya ɗauki guda goma, ashirin, ya biya nan take ba ciniki? Dilolin sun san irin waɗannan masu sayen. Kowane mashin yana da lambar inji da lambar jiki. In da gaske ake, a tilasta duk wanda ya fita daga shago a rubuta sunan mai shi da lambarsa ta zama ɗan ƙasa. Wanda aka kama a daji a bi lambar har shagon da ya fito. Wannan aiki ne mai wahala, shi ya sa ake zaɓar mai sauƙin, a karanta sanarwa a rediyo.

Kabukabu_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Nan wajenmu kabu-kabu muke cewa, kuma a Damagaram da Maraɗi yana aiki lafiya lau. Amma mutanen Diffa sun sha abin da Dan_Tsafe ya faɗa. Da aka sa dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, ba moto kaɗai aka hana ba, har cinikin kifin tafkin Chadi da na tattasai an taɓa, don an ce da su mayaƙan ke samun kuɗi. Tattasan bakin Komadugu kuwa shi ne arzikin yankin. Samari da yawa sun zo nan neman abin yi, wasu sun wuce Agadas, wasu Libiya. Saurayin da ka raba da sana'arsa a yankin da masu bindiga ke ɗaukar mutane aiki, ka san haɗarin da ka jefa shi.

Hajiyar_Kwari:
Ni dai a matsayina na mace ban yi kewar acaɓa ba, ku yi haƙuri. Hawansa da zani da mayafi ba mutunci, shi ya sa ma gwamnatin Malam Shekarau ta kawo Adaidaita Sahu a 2005 saboda mata. Abin da ke damuna yanzu kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai yaran shagona rabin abin da nake ba su a hanya yake ƙarewa.

Dan_Boxer_Daura:
Hajiya kin taɓo inda ya fi ciwo. Ranar 29 ga Mayun 2023 muna tasha muna sauraron jawabin rantsuwar Tinubu a rediyo, ya ce tallafi ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Fasinjan ƙauye ba albashi yake ɗauka ba balle a ce an ƙara masa. In ka ninka masa kuɗi sai ya ce zai taka da ƙafa, kuma zai taka ɗin. Sai ka ga kana aiki tun asuba, in ka cire na mai da baƙin mai da na mai faci, abin da ya rage bai sayi kwanon masara ba.

Wannan ne ma ya sa nake yawan tunanin siyasa a kan hanya. Lokacin zaɓe mu ne 'yan gaba. A zuba mana mai, a ba mu riga da tuta, mu cika titi a gaban motar ɗan takara don a ce yana da jama'a. A tara mutane a fili a raba babura a ce tallafin matasa ne. Bayan rantsuwa kuma takarda ta fito cewa babur barazana ne ga tsaro.

JarHula_Har_Abada:
In Kwankwaso kake nufi ka fito fili. Mutumin da ya riƙe Kano ana kashe mutane kullum, ya ɗauki matakin da ya ceci rayuka, ya tura ɗaruruwan yara karatu waje, ya yi gadar Kofar Nasarawa. Me kuke so ya yi, ya naɗe hannu?

Sabon_Layi_Boy:
To shi wanda ya gaje shi fa? Ba shi ya hana Adaidaita fita daga ƙarfe goma na dare a 2022 ba? Duk kanwar ja ce.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Ba zauren jam'iyya ba ne nan. Mai tambaya ya kawo jihohi da ƙasashe daban-daban, masu mulkinsu ba jam'iyyarsu ɗaya ba. A tsaya a kan maganar.

Dan_Boxer_Daura:
Na gode shugaba. Ɗan'uwa mai jar hula, ban ware kowa ba. El-Rufa'i ne ya fitar da mu daga tsakiyar Abuja a 2006 yana minista, Sanwo-Olu ne ya yi na Legas. Hali ne na masu mulki gaba ɗaya, shi nake magana a kai.

Na_Mile12:
Game da Legas akwai abin da ba a faɗa ba. A can ba maganar 'yan bindiga ba ce, maganar haɗari ce da bin hannun da ba naka ba, da kuma rigima tsakanin 'yan okada da mutanen gari. Hanin Yunin 2022 ya biyo bayan kisan wani matashi a Lekki da aka ɗora wa 'yan okada. Daga nan aka riƙa kwashe babura dubbai ana niƙe su da inji a gaban 'yan jarida. Yawancin masu su yaranmu ne na Arewa da na Nijar, kuma da yawa mashin ɗin ba nasu ba ne, bashi ne a wuyansu. Na san wanda har yau yake biyan kuɗin mashin ɗin da aka niƙe.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro ya sauka daga tirela yau, bai iya karanta alamar hanya ba, ba ya jin Yarbanci ba ya jin Turanci, gobe yana kan titin Ikorodu. In ya buge mutum sai 'yan'uwansa su taru a kan mai motar. Wannan ya jawo mana baƙin jini, kuma sarakunan Hausawa na can sun sha yin gargaɗi a kai.

Zongo_Tamale:
Gaisuwa daga Gana. Ku zo Tamale ku ga babur. Mata da tsofaffi da malaman makaranta kowa da nasa, mace ta ɗauko 'ya'yanta daga makaranta a kai ba wanda zai kalle ta. Dokar 2012 ta hana haya da shi, amma a Ankara, babban birninmu, okada bai fasa aiki ba, har ya zama abin kamfe, John Mahama ya yi alkawarin halatta shi tun yana takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2020. Abin da na fahimta, inda mutane ke buƙatar abu, hani ba ya kashe shi, sai dai ya mayar da shi abin ɓoye da cin hanci.

Injiniya_Sule_K:
Aiki ya taɓa kai ni Kigali. Babura sun cika garin, amma kowane direba da riga mai lamba, da hula biyu, tasa da ta fasinja, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. A Kwatano ma masu zemijan, wato 'yan acaɓansu, da rigarsu ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Ba su fi mu hankali ba. Rajista ce da bin doka.

Dan_Tsafe_01:
Injiniya, wannan tsarin birni ne. Riga mai lamba ba za ta tsare hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba.

Injiniya_Sule_K:
Haka ne, ba za ta tsare ba. Amma za ta raba mai neman halak da ɓarawo a idon jami'in da ke shinge, kuma rashin wannan rabewar ce ta sa ake yi muku kuɗin goro.

Matafiyi_Abba:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Yaya Dan_Boxer, ina da niyyar zuwa Damagaram a kan mashina daga Kano bayan damina, ziyarar dangin mahaifiyata. Wace hanya ta fi, kuma me zan riƙe?

Dan_Boxer_Daura:
Ƙanena Allah Ya kai ka lafiya. Ka bi ta Kazaure zuwa Daura, ka wuce Mai'adua zuwa Kwangwalam. In ka tsallaka kana Dan Barto, sai Matamaye, sai Kance, ka haɗu da babban titi a Takeita ka yi gabas. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma kada ka raina ta. Ka fita bayan sallar asuba don ka gama da iyaka kafin rana ta take. Takardun mashin su zama da sunanka, in ba naka ba ne ka riƙe shaidar mai shi. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da katin rigakafi. Ka canza kuɗinka zuwa sefa tun a Mai'adua. Ka duba sarƙa da birki, ka ɗauki fulogi da tib na ajiya da famfo. Man kwalba na bakin hanya ka duba shi da kyau kafin a zuba maka. Kada ka yi tafiyar dare, ba don ɓarayi kaɗai ba, akwai amalanke da dabbobi da ba su da fitila. A shinge ka kashe inji, ka cire hula, ka yi sallama. Kuma kafin ka tashi ka tambayi direbobin tasha halin da iyakar ke ciki a makon, don abin yana canzawa.

Kabukabu_Damagaram:
Ya faɗa maka daidai. In ka iso ka je ka ga fadar Sarkin Damagaram a Birni da duwatsun da ke kewaye da ita. Mai kuma kada ka damu, matatar Soraz tana nan arewa da gari tun 2011. Da can daga wajenku ake kawo mana shi a jarka saboda ya fi araha, tun da kuka cire tallafi wannan cinikin ya faɗi.

Maganar iyaka kuwa ita ma irin ta babur ce. Buhari ya rufe a Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke mana wuta, sai Maris na 2024 aka buɗe. A duk tsawon lokacin manyan motoci ne suka tsaya a layi. Mutanen Dan Barto da na Kwangwalam kuwa gonakinsu a haɗe suke, aurensu ɗaya, jana'izarsu ɗaya. Da me suka riƙa zuwa wa juna? Da moto, ta cikin gonaki.

Malam_Na_Hausawa:
To ai ka kawo hujjata da bakinka. Abin da zai ratsa gona ya tsallake iyakar da gwamnati biyu suka rufe, shi ne kuma zai ratsa da makami. Dalilin da ya sa kuke son sa shi ne dalilin da ya sa hukuma ke tsoronsa.

Dan_Boxer_Daura:
Na yarda da wannan, Malam. Inda muka rabu shi ne abin da ya kamata a yi da tsoron. A Kano da aka hana, akwai Adaidaita da tasi da bas, mutane sun sami abin hawa, wasunmu ma sun koma tuƙa Adaidaitan. A ƙauyen da ke bayan Mai'adua in ka hana babur me ka bar musu? Kuma ko a birnin, ba wanda ya zo tasharmu ya ce ga abin da za ku koma yi. Wasu sun koma tura baro, wasu sun koma ƙauye ba gona, wasu mun watsu Legas da Fatakwal. Ni abin da nake roƙo, duk gwamnan da zai sa irin wannan doka ya faɗi ranar da za ta ƙare, ya faɗi abin da za a auna a gane ta yi aiki, kuma ya zauna da masu sana'ar kafin ya sanar.

Ummu_Khalifa:
Wannan roƙon na goyi bayansa. Ni ma in za a tilasta hula da lasisi da hana yara ƙanana tuƙi, ba ni da ja. A asibitin ƙauye da na yi hidimar ƙasa, duk mai jinin haihuwa da ta iso da rai a kan babur ta iso.

Malam_Na_Hausawa:
Ni dai a cikin birnin Kano har yanzu ban ga dalilin dawo da goyo ba, kuma in aka tambaye ni gobe haka zan ce. Na ƙauye magana ce daban, Dan_Tsafe ya sa na sake duba ta. Akwai mutanen Jigawa a zauren nan? Ina son jin yadda ake yi a Haɗeja da Gumel da Maigatari, inda ake haya da babur kuma ga iyaka kusa. Akwai rajistar da ƙungiya ke yi wa masu tasha, ko kowa ya sayi mashin sai ya fito?